A KAWO TIYA A AUNA: MAGANAR SAURIN INTANET

Babu manomin da zai sayi buhun gero a kasuwar Shinkafi bai tambayi ko tiya nawa ke cikinsa ba. In mai hatsi ya ce masa, "Ai buhun babba ne," sai ya yi dariya ya ce a kawo tiya a auna. Amma abin mamaki, mutumin nan da ba a iya cutarsa ko da rabin mudu, in aka zo maganar intanet sai ka ga ya miƙa kuɗin ƙungiya a kan wata lamba wadda bai san ma'anarta ba.

Maganar ta riga ta shigo tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Isa da Sabon Birni. Waɗansu suna cewa a tara kuɗi a sayi farantin tauraron ɗan'adam, domin an ce saurinsa ya kai 100 ko ya fi. Waɗansu kuwa suna cewa a zauna a kan layin waya, domin an rubuta 4G a jikinsa. In ka tambayi kowane ɓangare, "100 na mene ne?" sai a yi shiru.

Ra'ayina shi ne, kada wata ƙungiya ta fitar da ko kwabo daga asusunta sai ta fahimci ma'aunin, ta kuma auna da kanta. Ina kuma ganin yawancin ƙungiyoyinmu ba sauri ne ya dame su ba. Abin da ya dame su shi ne layin da za a dogara da shi, da wutar da za ta riƙe shi, da kuɗin da za a iya biya kowane wata ba tare da an taɓa kuɗin taki da iri ba. Ga dalilaina.

HARAFI ƘARAMI DA HARAFI BABBA

Duk abin da ke tafiya a intanet, ko murya ce, ko hoto, ko takarda, ana farfasa shi ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gero. Ƙwaya ɗaya ana ce da ita bit. In aka haɗa bit 8 sun zama bayit 1. A rubuce, ƙaramin harafi b shi ne bit, babban harafi B kuwa shi ne bayit. To, a nan ruɗanin yake.

Masu sayar da layi suna auna sauri da megabit, watau bit miliyan ɗaya, a kowane sakan. Shi ne suke rubutawa Mbps. Amma girman hoto ko bidiyo, da datar da muke saya, ana auna su da megabayit, watau MB, da gigabayit, watau GB. GB ɗaya wajen MB 1,000 ne.

Saboda haka in an ce maka layi yana da saurin 10 Mbps, kada ka zaci MB 10 zai sauko maka a sakan guda. Raba da 8. Abin da zai sauko MB 1 da rubu'i ne. Kamar a faɗa maka farashi da mudu ne, kai kuwa kana lissafi da wani ma'auni wanda ya ninka shi sau 8.

Ga misali. A ce malamin gona ya aiko da bidiyon yadda ake ajiye albasa, girmansa MB 100. Wannan megabit 800 ke nan.

A layi mai 2 Mbps zai ɗauki sakan 400, watau kusan minti 7.
A layi mai 10 Mbps zai ɗauki sakan 80.
A layi mai 100 Mbps zai ɗauki sakan 8.

Akwai wani tarko kuma. Wani lokaci za ka ga an rubuta kbps, watau kilobit. Sai an tara kbps 1,000 kafin a sami Mbps 1. Wanda ya ga 512 kbps a takarda ɗaya, ya ga 10 Mbps a wata, yana iya cewa 512 ta fi yawa. Alhali kuwa 512 kbps rabin Mbps ɗaya ce kawai, 10 Mbps ta ninka ta kusan sau 20. Ma'aji da magatakarda na kowace ƙungiya, ku rubuta wannan a bangon littafin lissafi: a dubi harafin da ke bayan lamba kafin a dubi lambar.

BUTUTU DABAN, TANKI DABAN

Masu noman rani a fadamun Rima da Bunsuru ba sa bukatar dogon bayani a nan. Injin ban ruwa mai bakin inci 3 ya fi mai inci 2 zubo ruwa a minti guda. Amma faɗin bututu bai ƙara ruwan da ke cikin rijiya ba. In rijiyar ƙarama ce, babban inji sai ya ƙafar da ita da wuri.

Mbps shi ne faɗin bututu. GB shi ne ruwan da ke cikin rijiya. Mutum yana iya samun bututu mai faɗi da ruwa kaɗan, ko ruwa mai yawa da ƙaramin bututu. Bidiyon da ke cin 1 Mbps, in aka kalle shi awa guda, ya sha MB 450. In layin yana da ƙarfi, wayar da kanta takan ƙara kyan hoton ya koma cin 5 Mbps, sai awa guda ta lashe fiye da GB 2. Shi ya sa ake jin mutane suna kuka cewa tun da sabis ya yi ƙarfi data ba ta daɗewa. Sau da yawa ba sata aka yi musu ba, bututun ne ya yi faɗi.

Abu na uku, bututun nan hanya biyu ne, akwai saukowa akwai hawa. Lambar da ake talla da ita ta saukowa ce. Ta hawa, watau ta aikawa, kusan kullum ta fi ƙanƙanta. Ƙungiyar da za ta aika hoton ganyen da tsutsa ta ci, ko ta tura takardun neman rance, lambar aikawa ce ta fi shafarta.

MECE CE BUKATARMU?

Kafin a je kasuwa akan san abin da za a saya. Bari mu jera ayyukan da ƙungiyar manoma ke yi da intanet.

Jin farashin gero da wake da albasa a Illela, ko Sakkwato, ko Maraɗi. Aika saƙon murya da hoto ta WhatsApp. Tura kuɗi da karɓarsu ta banki ko na'urar POS. Karanta hasashen damina wanda hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Cika takardun shirye-shiryen gwamnati. Wani lokaci kuma kallon bidiyon koyarwa, ko taro da ofishin ekklesiya ta hoto mai motsi.

Tura kuɗi da saƙon rubutu ba sa bukatar ko rubu'in Mbps ɗaya. Kiran murya ma haka. Taro ta bidiyo yana tafiya daidai da 1 zuwa 2 Mbps. Bidiyon koyarwa mai kyan gani, 2 zuwa 3 Mbps sun ishe shi. Ashe ke nan, in ƙungiya tana da 5 Mbps tabbatacce, wanda ba ya yankewa, ta gama dukan ayyukan nan. Ko gwamnatin tarayya, a shirinta na faɗaɗa intanet na shekarar 2020 zuwa 2025, abin da ta sa a gaba shi ne 25 Mbps a birane, 10 Mbps a karkara.

Wanda ya sayi 100 Mbps domin aikin 5 Mbps, kamar wanda ya yi hayar tirela ne don ya kai buhu biyu kasuwa. Kayan za su isa, amma riba ta tafi a kuɗin mota.

ƘARFEN SABIS

Layin waya yana zuwa mana daga ƙarfen sabis. Tun da aka fara wayar hannu ta GSM a Nijeriya a shekarar 2001, an bi matakai: 2G, da 3G, da 4G, sa'an nan 5G wadda aka fara a manyan birane a 2022. Harafin G ɗin nan yana nufin tsara ce, kamar a ce kaka da uba da ɗa. Ba shi da dangantaka da GB, ba kuma alkawarin sauri ba ne. In ka ga harafin E a saman wayarka, kana kan 2G ne, abin da za ka samu bai kai rabin Mbps ɗaya ba. 3G takan ba da Mbps kaɗan. 4G tana iya ba da gomomi, in komai ya yi daidai.

Amma ba kullum komai ke yin daidai ba. Abu uku ke rage saurin. Na fari nisa: gwargwadon nisanka da ƙarfen, gwargwadon raunin abin da zai iso ka, bangon ƙasa mai kauri da rufin kwano kuma suna ƙara tare shi. Na biyu yawan jama'a: ƙarfe ɗaya rijiyar gari ce, kowa da gugansa. Abin da ka samu da asuba ba shi za ka samu ran kasuwa da la'asar ba. Na uku, ƙarfen kansa yana bukatar wuta da masu gyara. A inda hanya ba ta da lafiya, man inji yakan makara, mai gyara yakan ji tsoron zuwa.

Shi ya sa in ka ga talla ta ce sauri "har zuwa" kaza, ka lura da kalmomin nan biyu. Ma'anarsu ita ce iyakar abin da zai yiwu a rana mai sa'a. Manomi ma yana iya cewa gonarsa takan ba da "har zuwa" dami 100, ya yi shiru a kan shekarun fari.

TAURARON ƊAN'ADAM IRI BIYU NE

Akwai na nesa, akwai na kusa. Na nesa yana tsaye a kan wuri ɗaya, wajen kilomita 36,000 daga ƙasa. Irinsa ne NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011. Tambayarka za ta hau ta sauka, amsa kuma ta hau ta sauka, tafiya huɗu ke nan, kilomita 144,000. Saƙon yana gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan, duk da haka sai ya ci kusan rabin sakan, a aikace ma ya ɗan fi. Wannan shi ne jinkirin amsa, ana auna shi da ms, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Shi ke sa mutum biyu su riƙa cin karo da maganar juna a waya. Bututu yana iya zama da faɗi amma ya yi tsawo ƙwarai.

Na kusa su ne irin na Starlink, dubbai ne, suna kewaya duniya a nisan wajen kilomita 550. Jinkirinsu kaɗan ne, ms gomomi kawai, kusan daidai da na layin waya mai kyau. Starlink ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, Nijeriya ce ƙasa ta fari a Afirka. Gaskiya ne saurinta yakan wuce na layin waya a ƙauye nesa ba kusa ba, ba ta kuma bukatar ƙarfen sabis.

Amma ita ma rijiyar tarayya ce. A ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu saye a birane kamar Legas da Abuja, domin masu ɗiba sun yi wa rijiyar yawa. Farantin yana so ya ga sarari ba tare da reshen darbejiya ya tare shi ba. In hadari mai ƙarfi ya sauko, sabis yakan raunana ko ya ɗauke na ɗan lokaci.

ABIN DA LAMBAR SAURI BA TA FAƊA

A Luka sura 14, Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, ya nuna wajibi ne mutum ya zauna ya yi lissafi tukuna, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a. Bari mu ma mu zauna.

Kuɗin faranti daban, naira dubu ɗaruruwa ne. Kuɗin wata daban, ana biyansa ko an yi amfani ko ba a yi ba, ko da a watan Agusta ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kuɗin nan kuma ba ya zama wuri ɗaya. A watan Oktoba na 2024 Starlink ta ba da sanarwar ɗaga shi daga naira 38,000 zuwa naira 75,000, har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce ba da izininta ba, aka dakatar. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Duk hanyar da aka bi, sai a bar wuri a lissafi domin ƙari.

Sa'an nan ga wuta. Farantin da aka fi sayarwa yana cin wat 50 zuwa 100. In aka kunna shi awa 10 a rana a kan wat 75, ana bukatar wat-awa 750 kullum. Ƙaramar solar cajin waya ba za ta ɗauke shi ba. Sai an sayi allon sola babba, da batir, da mai share ƙurar hunturu daga allon. Batir kuwa ba ya son zafin bazararmu, bayan 'yan shekaru sai an sake wani. Akwatin waifai na layin waya, ɗan ƙaramin batir ya ishe shi.

AMSA GA MASU CEWA A SAYA

'Yan'uwan da ke son faranti suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. A watan Satumba na 2021, saboda yaƙi da 'yan bindiga, an rufe layukan waya a jihar Zamfara, sa'an nan a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Kowa ya tuna yadda aka sha. Ba a jin farashi, ba a tura kuɗi, ba a sanin lafiyar ɗan'uwa. Mutum ya yi doguwar tafiya a hanya mai hatsari don kira ɗaya. Wanda ya ɗanɗana wannan, in ya ce yana son hanyar da ba ta rataya a ƙarfen sabis ba, ya faɗi gaskiya.

Amma a lura, hujjar nan ba ta sauri ba ce, ta tabbaci ce. In dalilinmu ke nan, mu faɗe shi a fili, mu daina ruɗin kanmu da lambar 100. Mu kuma sani cewa faranti ma yana ƙarƙashin dokar ƙasa da lasin hukuma. Abu ne mai tsada da ake hangowa daga nesa, a ƙasar da idon miyagu yake a buɗe. Tilas a yi tunanin inda za a kafa shi, da wanda zai kwana kusa da shi, a kuma sanar da hakimi da hukuma tun da wuri domin kada a yi wa ƙungiya mummunan zato.

Inda faranti ya dace shi ne inda babu sabis ko kaɗan, ko inda yake zuwa yana ɗaukewa kwana da kwanaki. Ko a can ma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 100 Mbps in aka raba wa mutum 20, kowa ya sami 5, wanda muka riga muka ga ya isa. To, me zai sa ƙungiya mai mutum 30 ta ɗauki kayan ita kaɗai? A haɗa kai da ɗakin shan magani, da makaranta, da masu POS, da ƙungiyoyin maƙwabtanmu Musulmi waɗanda muke noma fadama ɗaya da su. Mu kaɗan ne a ƙasar nan. Abin da zai amfani gari duka ya fi zama lafiya, ya kuma fi zama shaida mai kyau, da a ce an ɓoye shi a harabar ekklesiya.

SHAWARA GA KWAMITOCI

1. Ku rubuta ayyukan da kuke so ku yi da intanet, da yawan mutanen da za su hau a lokaci ɗaya.

2. Ku auna abin da kuke da shi yanzu. Akwai ma'auni kyauta, kamar Speedtest da fast.com. Ku gwada kowane layi, da safe, da rana, da dare, da ran kasuwa, har mako biyu. Awon kansa yana cin data, sau ɗaya a kowane lokaci ya isa.

3. Kowane awo a rubuta lamba uku: saukowa, da aikawa, da jinkirin amsa. Ranar da babu sabis a rubuta sifiri. Sifirin nan ya fi kowace lamba muhimmanci.

4. Ku yi hukunci da lamba mafi ƙanƙanta, kada ku yi da mafi girma.

5. In sabis yana nan amma da rauni, ku fara gwada akwatin waifai a wuri mai tudu, ko eriya a kan dogon ƙarfe. Sau da yawa wannan yakan isa.

6. Duk mai talla da ya zo, ku tambaye shi: b ƙarami ko B babba? Akwai iyakar GB a wata? In an kai iyakar, sauri nawa zai rage? Wa zai gyara in ya lalace? Kada a yi cinikin biri a sama. Ya kunna a gabanku, ku auna.

7. Ku yi lissafin shekara biyu cikakku, da kuɗin sola da batir, ku karanta shi a gaban taron ƙungiya duka, mata da maza, kafin a ɗaga hannu.

8. In kamfanin waya ya ci kuɗinku bai biya bukata ba, ku fara kai kuka gare shi. In bai saurara ba, NCC tana da lambar kai ƙara, 622, kyauta ce.

Littafin Karin Magana sura 11 ya koya mana cewa Allah yana ƙin ma'aunin algus, yana murna da na gaskiya. Mun saba jin wannan a kan mai sayarwa. Amma wanda aka danƙa wa kuɗin jama'a, shi ma yana da alhakin sanin ma'aunin da ake auna masa da shi. Kuɗin da ke asusun ƙungiya gumin gwauraye ne da na matasa, waɗansu ma sun nome shi a gonakin da ake zuwa da fargaba. Bai kamata a kashe shi don wata lamba ta yi kyau a takarda ba.

Gani ya kori ji. A kawo tiya, a auna, sa'an nan a yi ciniki. Allah ya ba shugabannin ƙungiyoyinmu hikima, ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka. Amin.